Gyalen Goggo a Bel ɗin Inji

Hamma Buba,

Gaisuwa mai yawa. Ya Legas, ya Adda Mairo da yara? Mu lafiya lau.

Murfin da ka sa wa bel ɗin injin niƙanmu, Kawu Sale ya cire, awakinsa ke cin dusa a ciki. Ranar Talata bel ya fizgi gyalen Goggo Hajjo, ya shaƙe ta. Aka danna makunni, ashe ya lalace. Allah ya sa aka ɗauke wuta, ta tsira da ƙujewa a wuya.

Kawu, ba kunya, ya ce: "Wa ya ce ta yafa dogon gyale?" Washegari ya sake tada injin. Tir! Ni dai na koma turmi.

Ka rubuto masa, yana jin nauyinka. A sa Goggo a addu'a. Gaida kowa.

Ƙanwarka,
Dija