Yunwar da Na Ɗauka Ibada ce

Zuwa ga Uwar yara,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya, kuma jikin 'yarmu da kike jinya yana ƙara sauƙi. Mu nan sai godiya.

Bayan haka, ina da laifin da zan furta miki. Kin san tsohon telan nan da idanunsa suka mutu, wanda nake kai wa Jibin Ubangiji gida kowane wata. Kullum idan ya karɓi gurasa, sai ya bi farantin da yatsa yana tsince ɓurɓushi. Ni kuwa, da furfurata, na ɗauka tsananin girmama jikin Almasihu ne. Har sau biyu na kafa misali da shi a gaban ikilisiya.

Jiya na shiga ɗakin girkinsa neman ruwan wanke ƙoƙo. Murhu ya yi sanyi, gizo-gizo ya yi saƙa cikin tukunya. Ashe yunwa nake yabo! Na yi masa tayin abinci, ya ce shi da ya ɗinka wa rabin garin nan sutura ba zai koma abin sadaka ba. Ƙafafunsa sun soma kumbura. In ban sami hanyar ciyar da shi ba tare da zubar masa da mutunci ba, za mu rasa shi. Ki taya ni addu'a.

Naki a kullum,
Baban yara

Zuwa ga Uwar yara,

Gaisuwa da begenki. Yaya mai jiki? Wasiƙarki ta iso, kuma shawararki ta fi tawa nesa ba kusa ba.

Na je kamar yadda kika ce, ba da kwano ba, da roƙo. Na gaya masa mawaƙanmu suna kashe tsofaffin waƙoƙin yabo, kuma shi kaɗai ya rage mai su a ka. Ya yi dariya, ya ce ya daɗe yana jinsu ta taga, har yana tausaya wa mala'iku.

Yanzu kowace rana da la'asar mawaƙa huɗu suna zuwa ɗaukar darasi, kowa da kwanonsa, wai daga wurin aiki suke, ba su ci ba. Shi ne maigida: shi ke sa albarka, shi ke rabawa, har ya tsawata wa mai ganga kan saurin loma. Suna cika masa ciki, yana cika musu zuciya. Ban san wanda ya fi wani ƙoshi ba. Ni ma na kai girkina sau ɗaya, ya roƙe ni saboda Allah in jira dawowarki.

Ga babban albishir. Yau na ɗauki faranti da ƙoƙo zan tafi gidansa, sai ga shi a ƙofar majami'a da ƙafarsa, mawaƙa na riƙe da hannunsa. Ya ce in mayar da kayana kan tebur, tare da 'yan'uwa zai ci. Da ya ɗaga murya da waƙa, ni fasto da kaina na kasa riƙe hawaye. Yabo ya tabbata ga Allah!

Ki gaishe da 'yarmu da maigidanta. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Mijinki mai ƙaunarki,
Baban yara