Dariyar da na yi wa Aminu

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Malam? Mu nan Sharafiyya ta Jidda lafiya lau.

Ɗanki Aminu ya biyo wurina bayan umra. Muna cin abinci ya ce da katako za su gina wani ofis, ba ƙarfe ba. Na tuntsire da dariya gaban baƙi, na kira shi injiniyan rumfa. Kansa a ƙasa ya ce, "Kawu, in gobara ta tashi, katako mai kauri bayansa ke ƙonewa, ƙarfe kuwa laushi yake yi."

Yaya, ni fa mai walda ne, kullum da wuta nake lanƙwasa ƙarfe.

Na kasa kiransa. Ki ba shi haƙuri, ki gaida kowa, ku roƙa min Allah in iya bakina.

Ƙaninki,
Sani