Roba Shida a Tayar Baya

Litinin, 3 ga Maris

Ta ci! Jikanyata ta ci jarrabawar kanikanci, ta zo ta biyu cikin mutum arba'in, kuma ita kaɗai ce mace. Na karanta takardar da kaina sau uku, ba wanda ya taya ni. Allah ya saka wa malamin ajin yamma da ya sha fama da ni ina da shekara hamsin. Kakarta ta ce in zauna kafin jinina ya hau. Na zauna, na sake miƙewa.

Daga yau sunanta Injiniya. Ta ce, "Kaka, ban kai can ba." Na ce a gidan nan ni ke raba suna.

Laraba, 5 ga Maris

Na kai ta wurin Dogo. Shekara tara ya yi a hannuna yana koyon aiki, yau garejinsa ya fi na kowa a layin. Gurbin mutum ɗaya ya rage masa. Ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Maigida, kai ka koya mini takarda ba ta ɗaure noti. Ta yi aiki ɗaya da hannunta. In ya riƙe wata uku, benci nata ne. In ba haka ba, akwai mai jira."

Ashe ni na faɗi haka.

Na roƙi mutum uku su ba ta babur ta gyara. Kowa ya ce sai ya yi shawara.

Alhamis, 6 ga Maris

Nawa take so. Nawa!

Dogon babur ɗin nan, mai shiga daji ya kuma hau titi, shekara goma sha takwas ba hannun da ya taɓa cikinsa sai nawa. Yashi, laka, tsakuwa, bai taɓa yin tari ba. Sai bayan da aka zuba kwalta har bakin lambuna ne giya ta biyar ta fara zamewa. Sau biyu na buɗe, na canza haƙoran giyar. Na ce kayan zamani ne, ba su da ƙwari.

Ita kuwa wai kwaltar ce. Wai a kan yashi taya tana ɗan sulɓewa, duk fizgar da inji ya yi ƙasa ce ke shanye ta. A kwalta kuwa taya ta kama gam, tayar bayana kuma ba roba a cibiyarta, to fizgar sai ta bi sarƙa ta koma kan haƙoran giya. Ta ƙara da cewa ina sa babbar giya ina tafiyar hawainiya, injin yana ta dukan kansa.

Na ce hanya mai santsi ce za ta kashe abin da daji bai kashe ba? Na ce ina riƙe da sifana tun uwarta ba ta yi haƙori ba. Na faɗi abin da ya fi haka. Ba zan rubuta ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Ta gaishe ni da "Ina kwana, Kaka" kawai, ba tsokanar "Tsoho" da ta saba. Gidan ba daɗi.

Kakarta ta ce, "Ka cika unguwa da Injiniya, Injiniya, amma tsohon ƙarfenka ya fi ƙarfinta." Na ce ba ta san aikin ba. Ta ce ta san ni.

Talata, 11 ga Maris

Da safe, da suka fita, na juye baƙin mai don in nuna wa kaina ba ta da gaskiya. Notin ƙasa yana da maganaɗisu a baki. Wata biyar kacal da gyarana, na zaro shi ya yi gashi. Garin ƙarfe, har da ɓarɓashi mai kama da ƙaya. Na goge a tsohon faranti na zauna ina kallo.

Abin da ke damuna ba giya ba ce. In na ba ta, a garejin Dogo za ta buɗe, gaban Dogo. Zai ga gyarana biyu.

Na zo rubuta wannan, bakin fensir ya karye. Sai na tuna. Ina ajin yamma, tana 'yar shekara shida, tana zaune kusa da ni ina aikin gida. Fensir uku na karya a rana ɗaya. Ta kama yatsuna ta ce, "Kaka, sassauta. Ba noti ba ne." A lokacin ban ji kunya ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na ajiye makullin babur kusa da kofin shayinta. Ta ce, "Tsoho, ka manta makullinka." Na ce ban manta ba. Tsoho ya dawo, an huce ke nan.

Asabar, 15 ga Maris

Ta buɗe. Dogo ya ɗaga haƙori ɗaya ya duba a haske, ya ce, "Wane ne ya yi wannan aikin?" Ya sani sarai, ɗan banza. Na ce, "Ni ne. Ɗauri daidai, tunani ne bai kai ba. Ita ta gano." Dogo ya sosa ƙeya ya ce ai shi ma akwai irinsa guda biyu da ke ta dawo masa.

Ta canza haƙoran, ta sa wata tayar baya mai roba shida a cibiya. Sau biyu hannuna ya kai kan sifana, sau biyu na mayar da shi aljihu.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ina rage giya a kwanar lambu yanzu. Don gwiwata ne, ba don ta faɗa ba.

Asabar, 14 ga Yuni

Fes! Ta zaro notin a gaban Dogo, ta goge a faranti, sai ɗan baƙi-baƙi kamar toka, ba ƙaya ko ɗaya. Dogo ya nuna mata bencin da ke kusa da taga, ya ce ta fara da guda biyun nan nasa ranar Litinin.

Akwatin sifanuna yana can ƙarƙashin bencin. Na bar mata ne kawai don ya tare mini wuri a ɗaki.

Na taho da farantin. Na ajiye shi a ƙofar gida kusa da na watan Maris, wanda ban wanke ba. Kakarta ta ce mutane za su ce na taɓu. Su ce. Na faɗa wa tela, da mai shago, da mutum ukun nan masu shawara: wancan nawa ne, wannan na Injiniya. Kowa ya zo ya gani.