Kwalbar da Ta Rage a Hannun Uma

Lok Baintan, bakin kogin Martapura
Laraba, cikin watan Sha'aban

Zuwa ga yayata Masniah,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙani ga yayarsa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can Taiwan. Allah ya sassauta mata, ke kuma ya rubuta miki ladan ɗaga ta da kwantar da ita. Mu nan mun gode Allah. Mahaifinmu Abah yana nan da tarinsa na safe da gardamarsa ta yamma, har yanzu bai yarda idonsa na bukatar tabarau ba, wai allurar ɗinkin taru ce aka rage wa ƙofa. Ruwa ya hau har ya taɓa matakalar gida, ya sauka. Bishiyar rambutan ɗinki ta yi 'ya'ya, jemagu sun ci rabonki. Injin kwale-kwalena yana tashi ranar da ya ga dama.

Za ki ce me ya hana ni kira. Kin san bakina, kafin ki faɗi ɗaya na faɗi goma, mu rabu baram-baram ba a yi maganar ba. Kuma da mahaifiyarmu Uma ta ji muryarki sai ta fizge wayar, ta koma lungun da babu haske ta zauna, ki yi ta hira da inuwa kina cewa ta yi kyau. A takarda dai babu mai katse ni. Zan ɗauki hoton takardar in turo miki, ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi, don na riga ki.

Ki tuna kiran bidiyon da kika yi cikin watan Maulidi, ranar hutunki, ke da ƙawayenki kuna zaune a kan tabarma kuna cin abinci. Uma ta dawo daga kasuwar kan ruwa ta wanke fuska kenan. Kika ce wai fuskarta ta koma kamar gindin tukunya, ko pupur ɗin nata, hodar da take shafawa, ya daina aiki ne. Ƙawayenki suka yi dariya, Uma ma ta yi, har da tafa hannu. Na san wasa kike yi. Amma ba ki ga abin da ya biyo baya ba. Da aka kashe waya ta ɗauki madubin askin Abah ta fita dakalin bakin ruwa, ta daɗe tana juya fuska dama da hagu, har shinkafa ta kama a wuta. Baƙin tabon nan na kumatunta fa ba jiya ya fito ba, Yaya. Ita da bakinta take cewa ke kika zana mata na dama tun kina ciki, ni na zana na hagu, rana kuma ta bi ta ƙara musu tawada. Ban taɓa jin ta kira shi ciwo ba sai bayan ranar.

Sai ga ɗan babur da kwali, saƙon kwalaben man hasken fuska da kika saya mata a wani shagon intanet. Ni ban gan shi ba a lokacin, da na gani da ba mu kai nan ba, don kin san ni, ko takardar da aka ƙunsa kifi ba ta wuce ni sai na karanta. Ta ɓoye kwalaben cikin jakar kayan sallarta. Yanzu na riƙe su a hannuna, na juya su ta ko'ina. Murfi mai ruwan zinariya, hoton wata yarinya da fuska kamar ɓararren dafaffen ƙwai. Babu sunan abin da aka haɗa, babu lambar hukuma, babu adireshin wanda ya yi. Layi ɗaya ne da ƙananan haruffa, wai a ɗan shafa kaɗan kafin barci, a guji rana. A guji rana! Matar da take kan ruwa tun asuba har rana ta take. Uma ba ta karanta irin wannan rubutun, kin sani, in ba Alƙur'ani ba ne sai a karanta mata. Abin fuska ɗaya ta sani a duniya, shi ne pupur, hodar jiƙaƙƙiyar shinkafar da take yi da hannunta. Don haka ta yi wa manki yadda ake yi wa pupur. Ta laɓta shi da kauri da asuba, ta rufe shi da pupur don kada a gani, ta sa malafa, ta tuƙa zuwa kasuwa, ta zauna cikin rana tana sayar da ayaba da lemo.

Da farko abin ya yi aiki, kuma wannan ne sharrinsa. Tabon ya dushe, fuska ta yi fayau. Mata suka fara matso da kwale-kwalensu kusa da nata. Maƙwabciyarmu Acil Bainah, kin san bakinta ya fi nawa, tana ɗaga murya daga can tsallake wai ko Abah ya sake biyan sadaki ne ba a gayyace su ba, wai masu ɗaukar hoto na birni yanzu sai su bar 'yan mata su bi tsohuwa. Kowa ya ɗauka pupur ɗin bana ne ya yi kyau. Kin kuwa san yadda ake yi a nan. Ba a sayar wa maƙwabciya pupur, ba a kuma hana ta. Wadda ta jiƙa shinkafa ta jiƙa wa duk gidajen da ke layinta, kowa ya zo da ƙoƙonsa ya ɗiba. Suka zo suka ɗiba, suka shafa, suka jira, fuskarsu tana nan yadda Allah ya bar ta. Sai Acil Bainah ta sake magana a tsakiyar kasuwa, wai ashe randa biyu Uma take da ita, ɗaya ta fuskarta, ɗaya ta talakawa.

Ke kin san Uma. Ki ce mata mummuna ta yi dariya, amma ki ce mata marowaciya ba za ta iya cin abinci ba. Ba ta iya fitowa ta ce man kanti take shafawa ba, ita da ake kawo wa amare daga ƙauyukan sama don ta gyara musu fuska. Ba ta kuma iya zama a ce ta ɓoye wa maƙwabta abu mai kyau ba. Sai ta yi abin da ta ga shi ne adalci. Da ta tace sabon ƙullu, ta kwashe kwalabe ta juye a ciki, ta kwaɓa, ta diga 'yan ƙwayoyin a kan ƙyalle kamar kullum, ta raba wa kowa. Don kirki ta yi, shi ya sa har yanzu na rasa wanda zan zaga.

Ni abin da ya fara tsayar da ni, ƙwayoyin da ta shanya a kan kwano sun ƙi bushewa, sun bar maiƙo a ƙyalle, kuma maimakon ƙanshin ganyen pandan sai warin shagon turare. A makon ne filafili ya suɓuce mata a tsakiyar kogi, matar da take tuƙi tun kafin ta iya ɗaura zane. Na lura in tana zuba shayi bakin buta yana kaɗa kofi. Sannan na shigo da azahar na same ta tana alwala, babu komai a fuskar. Yaya, ga abin da na gani. Fatar ta yi ja tana saɓulewa a gefen hanci, tabon ya dawo ya fi na da faɗi, ya yi wani toka-toka mai duhu, ya gangara har wuya. Ta yi maza ta ja mayafi, ta ce in fita, ba a tsaya wa mutum a kai yana ibada.

Na ɗauki kwalbar da ta ƙare da ɗan ƙwayoyin na kai wa ungozomar ƙaramin asibiti. Ba ta ja magana ba. Ta ce ba za ta rantse kan abin da ke ciki ba sai an gwada, amma irin waɗannan marasa suna an sha samun zaiba, wani ƙarfe mai guba, a cikinsu, kuma rawar hannun nan ba ta yi mata daɗi ba. Ta ce a daina yau, a kawo Uma a duba jininta da fitsarinta. Sannan ta tambaya ko akwai mai ciki cikin waɗanda suka ɗiba. Sai na tuna Salbiah, surukar Acil Bainah, da cikinta na fari ya fara turo riga.

Ban koma gida ba. Na tayar da inji, ranar ya tashi bugu ɗaya, na ɗauki tsohon gwangwanin fenti na bi gida-gida ina karɓe pupur ɗin da aka raba. Ban iya lallashi ba, ban kuma tsaya koyo ba. Acil Bainah ta tare ni a matakala, wai malam mai karatun takardar kifi yau kuma likita ya zama, ko ita ma za a yi mata allura. Na ce mata bakinta ne ya kwaɓa wannan ƙullun, ta tafi ta duba fuskar surukarta. Da ta gane guba ce a cikin pupur ɗin, ko takalmi ba ta sa ba, ta shige ciki, na hango ta tana goge wa Salbiah fuska da bakin mayafinta tana salati. An kai yarinyar an duba, ba ta daɗe tana shafawa ba, sun ce za su ci gaba da lura da ita. Ki sa ta a addu'a. Gwangwanin na kai asibiti, ban zubar a kogi ba, don kifin da za mu ci yana ciki.

Tun ranar Uma ba ta je kasuwa ba, kuma ba ta yi mini magana ba. Ta gaya wa Abah wai na tuɓe ta a gaban kogi kaf. In tana son ce mini wani abu sai ta gaya wa kyanwa. Wannan duk zan iya ɗauka. Abin da ya hana ni zama shi ne kwalba ɗaya ta rage, cikakkiya, kuma tana shafawa. Na binciki jakar salla, na binciki buhun shinkafa, har cikin rufin ɗaki na leƙa, ban same ta ba, amma ina jin warin a matashinta. Abah ya yi magana, ta ce ya ji da tarunsa. Asibiti kuwa ta ce ba ta zuwa a nuna ta da yatsa. Hujjojinta biyu ne, kuma duk naki ne. Ta ce gumin 'yarta ne, ba za ta zubar da shi don wani mara kunya ba. Ta kuma ce ke kika gaya mata mai shagon ta ce in fuska ta yi duhu dattin ciki ne yake fitowa, a ci gaba, kada a tsaya. Tana so ranar da kika sauka da Ƙaramar Salla ki same ta fes, kada ki ji kunyarta a hoto.

Ban ce kin yi da gangan ba. Na san kina wanke kashin uwar wasu don ki faranta wa taki. Amma maganar da kika ɗaura, ni ba zan iya kwance ta ba, na gwada da ihu, na gwada da shiru. Ga abin da nake so. Ranar Lahadi ki kira da hantsi, lokacin da haske ya cika tsakar gida. Ki ce ta fito fili, kada ki yarda da lungu. Kuma ki kashe abin nan na waya da yake goge miki fuska ya mai da ke kamar yarinyar jikin kwalba, don ni na san kina da ɗan tabo a ƙarƙashin idon hagu, irin nata sak, ita kuwa ta ɗauka ƙasar waje ta wanke miki shi. Ki bari ta gani. Ki gaya mata mai shagon ƙarya ta yi. Ki ce ta tashi ta ɗauko kwalbar kina kallo ta miƙa wa Abah, tunda hannuna ba za ta saka ba, kuma Litinin ta shiga kwale-kwalena mu je asibiti. Kada ki yi kuka da yawa, in kin yi kuka ita za ta koma lallashinki a manta da zancen.

Na jiƙa sabuwar shinkafa a randarta da kaina, don in ta warke ta sami abin shafawa mai tsabta, maƙwabta kuma su sami abin zuwa ɗiba. Ta fara wari, gidan duk ya ɗauka. Shekaranjiya ta wuce ta gaya wa kyanwa wai wanda ya jiƙa wannan ko wanke ta bai iya ba, asarar shinkafa kawai. Yau da safe na buɗe randar na tarar an sauya ruwan. Sai dai an zubar da rabi a ƙasa, don hannun Uma bai iya riƙe ƙoƙon daidai ba.

Abah yana gaishe ki, ya ce ki rage aiko da kaya ki yawaita kira. Acil Bainah ta ce a gaishe ki, ta kuma ce a gaya miki ta rufe bakinta har azumi, ba wanda ya yarda. Salbiah da mijinta Mardani suna gaisuwa. Ki gaishe mini da Rusminah ta ƙauyenmu in kun haɗu, ki ce mahaifiyarta lafiya lau. Uma ba ta san na rubuta ba, amma na san da ta sani gaisuwarta ce za ta zo farko.

Lahadi da hantsi, Yaya. Zan cika wayar da caji, in ajiye ta a kan randa, in fita bakin ruwa in ba ku wuri.

Ƙaninki mai baki,
Jumrani