Shekara Uku da Kika Ƙara wa Isuhu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi, a makwancinki na Kanan-Bakashe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina sanar da ke cewa ni Lawali ina nan Tasawa ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, iyali duk lafiya. Gyaɗa ta yi kyau bana, motoci sai jigila suke zuwa Maraɗi. Maganar autanki Isuhu ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Bana zai gama lise, babbar sakandare, a Yamai. Ransa na kan wata makarantar injiniyoyi a ƙasar waje, wadda sai an ci jarrabawa ake shiga, kuma kujerun da ake ba ƙasarmu kaɗan ne ƙwarai. Ya aiko mini da takardunsa, wai tunda ni mushe ne, malamin lakwal, in duba in gaya masa gaskiya ko zai samu.

Na duba, Inna. A lissafi ba mai kama ƙafarsa a ajinsu, kimiyya ma haka. Faransancinsa ne ke ɗingishi, har yanzu yana rubutu kamar mai jin haushin alƙalami, amma wannan ba zai kayar da shi ba. Ko da 'ya'yan manyan biranen bakin teku aka haɗa shi, da na ce ya shiga da ƙarfinsa.

Sai na zo kan takardar haihuwa. Makarantar ba ta karɓar wanda ya wuce ashirin da biyu. Isuhu shekararsa ashirin, na sani, kin fi ni sani. Takarda ta ce ashirin da uku.

Kin tuna ranar da magatakardan kumandan ya zo garinmu ɗibar yara zuwa lakwal, zamanin Nasara. An riga an ɗauke ni tun tuni, kina ganin kamar an raba ki da ni ke nan. Kika ji an ce ba a ɗaukar yaron da ya girma. Isuhu na da shekara bakwai, ko haƙoransa na gaba ba su gama fitowa ba, kika tsaya a zauren mai gari kika ce: "Wanga ya wuce lakwal, shekara tai goma. Ran da anka gina rijiyar kasuwa ina goye da shi." Wadda kike goye da ita ran nan yayarsa Hadiza ce. Magatakarda ya rubuta goma, ya kuma ɗauke shi duk da haka, don yaran da aka yanka wa garinmu ba su cika ba.

Sau biyu ina zuwa Mayahi, inda ofishin hukumar yankinmu yake. A biro aka ce ana gyara takarda, amma sai da shaidu biyu da suka san haihuwarsa, kuma sai ta je Yamai ta dawo, ba wanda ya san wata nawa. Makarantar kuwa za ta rufe karɓar takardu kafin a gama cinikin gyaɗa. Ungozoma ta rasu. Baba ya riga ki tafiya. Da na je garinmu, mai gari ya sa aka kawo mini ruwa, ya saurare ni tsaf, ya ce shi ba zai tsaya gaban hukuma ya ƙaryata abin da aka faɗa a zaurensa ba. Hadiza ta ce za ta ba da shaida, aka ce shekararta uku lokacin, me ta gani? Na dawo a bayan mota bisa buhunan gyaɗa, raina a ɓace, na rasa ma wanda zan ji haushi.

Ke na fara jin haushi, ba zan ɓoye miki ba. Na yi kwanaki ina yi miki faɗa a zuci. Sai na tuna yadda kika bi magatakarda da yaran da ƙafa har bayan gari, da ƙullin ƙuli-ƙuli a hannu, kina kiran sunansa. Ina kika san injiniya, Innata? Abin da kika sani shi ne ɗa ya tafi, ya dawo yana magana da yaren da ba kya ji. Da abin da ke hannunki kika yi ƙoƙarin tsare shi.

Isuhu bai tuna komai na ranar ba sai kukan da ya yi. Ya ɗauka kuskuren magatakarda ne. A wasiƙarsa har dariya yake masa, wai mutumin bai iya ƙirga ba, wai ni babban mushe in je in gyara.

Gobe motar wasiƙu za ta tashi. Zan rubuta masa cewa ƙwaƙwalwarsa ta isa, takardarsa ce ta tare hanya, kuma na yi iya yina na kasa. Zai tambaye ni ko na gano yadda aka yi haka ta faru. Zan bar laifin a kan magatakarda, don ba zan iya jin Isuhu ya kira sunanki da ɓacin rai ba. Ƙarya ce, na sani, ta biyu ke nan a kan yaron nan, amma wannan ni zan ɗauke ta.

Allah Ya gafarta miki, Ya gafarta mini, Ya haskaka kabarinki. Allah Ya buɗe wa Isuhu wata ƙofar, Ya ba shi haƙurin karanta abin da zan aika masa. Amin.

Ɗanki mai kewarki,
Lawali, Tasawa