Jirgin da Barba Lefteris Ya Nutsar

Ƙauyen Ayos Fokas, 9 ga Disamba, 1941

Zuwa ga ƙanena Sideris,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a Iskandariya. An ce har ka yi kumatu, Allah ya ƙara. Mu nan muna raye, ba zan ce lafiya ba don kada in fara da ƙarya.

Tunda jiragen abokanka 'yan Ingila suka rufe teku, ko ƙwayar alkama ba ta shigo tsibirin nan ba. Wai don kada hatsi ya faɗa hannun Jamusawa. To ka gaya musu Jamusawan da ke garinmu ƙiba suke yi, su suka kwashe man zaitun kaf. Mu ganyen dutse muke dafawa da gishiri. 'Yata Popi ƙafafunta sun fara kumbura, in ka danna yatsa sai ramin ya tsaya.

Ga Turkiyya can muna kallo, ba ta yaƙi da kowa, in gari ya yi haske har hayaƙin gidan burodinsu muke hange. Ga kifi cike da teku. Amma da me za a je? Jirage goma sha huɗu ka ƙona a bakin ruwa ranar da ku sojoji za ku gudu, har da na mahaifinmu. Na san oda aka ba ka don kada abokan gaba su samu abin hawa. Bayan kwana tara sai ga su a nasu jiragen, ko kallon tokar ba su yi ba.

Na daina tsayawa a gaba a coci. Ba wanda ya zage ni, da ma za su zaga da na fi samun sauƙi. Matsawa kawai suke yi su ba ni wuri mai faɗi.

Kada ka tambayi yadda takardar nan ta fita. Ka aiko amsa ta shagon Rifat a Ceshme ta Turkiyya, ɗan maƙwabtanmu Musulmi da aka kwashe zuwa can muna yara. Bai manta mu ba.

Yayarka,
Argiro

Iskandariya, 14 ga Janairu, 1942

Zuwa ga Yaya Argiro,

Bayan gaisuwa da girmamawa, takardarki ta iso, na karanta ta sau uku a tsaye.

Ina so ki fahimci cewa rufe teku dabara ce ta yaƙi. Duk buhun da ya shiga ƙasar da aka mamaye, nauyi ne aka sauke wa abokin gaba. Haka ake koya mana, haka ni ma nake koya wa sababbi.

Na rubuta wannan na ajiye alƙalami, don na ji muryarki tana cewa, "Kai rufe mana baki, malamin dabara." Gaskiyarki. Bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba.

Ranar da na ƙona jiragen, tsofaffi sun same ni a gaɓa. Barba Lefteris, wanda ya koya mini ɗaurin igiya, ya riƙe hannun rigata ya ce, "Ɗana, ba a ƙona jirgi. A cire matoshin gindinsu, a loda duwatsu, a kwantar da su a ƙasan ruwa kamar yadda kakanninmu ke yi in 'yan fashi sun taso. Katako ba ya ruɓewa a gishiri. In ƙura ta lafa sai mu ɗago abinmu."

Na ce, "Barba, takarda ta ce a ƙona."

Ya ce, "Takardar ta san teku? Ko uwarta ce ta haifi jiragen?"

Sojojina suka yi dariya, ni kuwa na mare shi. Dattijo mai shekara saba'in, a gaban jikokinsa. Ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya tafi.

A nan lambar yabo aka ba ni a kan wannan aikin, rahotona ya ce ban bar ko jirgi ɗaya ba. Tana cikin safa a ƙasan akwati. Kullum ana ajiye mini farin burodi, kuma ina ci, Yaya, wannan ne abin kunyar. Yunwarku ba ta hana ni, kunya ma ba ta hana ni.

Ki faɗa mini abin da zan iya yi. Ki gaida Popi.

Ƙanenki mai biyayya,
Sideris

Ayos Fokas, 11 ga Fabrairu, 1942

Ƙanena,

Ina gaishe ka. Ka tambaya, to ga shi, amma ka riƙe da kyau.

Rahotonka ƙarya ne, jiragen goma sha biyar ne. Da Barba Lefteris ya bar wurinka da shatin yatsunka a kumatu, lungun bayan dutse ya nufa, ya nutsar da nasa shi kaɗai. Wata shida yana ƙasa. A kaka maza suka ɗago shi, suka wanke injin da kananzir ɗin fitilar coci, ya yi tari ya tashi. Shi ke haurawa wurin Rifat duk kwana goma ya dawo da wake da garin alkama. Rifat ba ya karɓar komai. Wai uwarmu ta taɓa ɓoye su a ɗakin tuya lokacin tashin hankali, ni ko tunawa ban yi ba. Gida saba'in ke cin abin jirgin nan, kofi biyu kowane gida. Kumburin Popi ya fara saɓewa.

Jamusawa mun san yadda muke da su, sajansu kwalba ɗaya ke rufe masa ido. Naku ne matsalar. Makon jiya jirgin saman Ingila ya bi Barba da harbi a tsakiyar ruwa, ya dawo da huji shida. Ya ce mini, "Argiro, abokan gaba na ba su giya, abokan arziki kuma me zan ba su?"

Na ce zan rubuta maka. Ya ce, "A'a. Yaron nan in ya ga babba, bakinsa ba ya rufuwa." Na ji haushi, na ce ƙanena ya yi hankali, ai ya yi nadama. Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da toshe hujinsa. Ka ga ba da izininsa nake rubutawa ba.

Jirgin shuɗi ne, da jan layi a baki. Ka samu wanda ke ba matuƙan jiragen saman nan umarni, ka roƙe shi su kau da kai daga jirgi ɗaya tak. Ba sai ka faɗi inda yake kwana ba. Ban taɓa roƙonka komai ba, ko ranar da ka ƙona gadonmu.

Yayarka,
Argiro

Iskandariya, 20 ga Maris, 1942

Yaya,

Ban san yadda zan gaishe ki ba. Wataƙila labarin ya riga takardata.

Na je wurin babban hafsan Ingila da ke kula da yankinku. Na yi niyyar faɗin launin jirgin kawai. Ya ba ni kujera, ya zuba mini shayi da hannunsa, ya ce, "Jirgi a tsibirin da ka ce ka share? Yaya aka yi?" Sai na ji ina so in wanke kaina. Na ce rahotona kuskure ne, na ba shi labarin matoshi da duwatsu, har marin na faɗa. Ya yi ta gyaɗa kai kamar limamin coci a wurin furta zunubi, ni kuwa ina jin nauyi na sauka. Ya jawo taswira, ya ce in nuna masa hanyar don matuƙa su gane. Na nuna. Ya tambayi ranakun, na faɗa. Ya tambayi sunan mai shagon, na faɗa.

Ya ce, "Jirgin da ya wuce Jamusawa wata biyar ba a kama shi ba? Wannan ai ya fi ƙarfin jigilar wake."

A nan na gane. Na ce, "Ranka ya daɗe, gida saba'in ke ci a cikinsa." Ya ce in an ci yaƙi kowa zai ƙoshi.

Jiya na ga rahoton. Mutanensu sun karɓe jirgin a gaɓar Turkiyya, zai riƙa kai 'yan leƙen asiri. An ba Barba takardar shaida wai bayan yaƙi za a mayar masa da shi. Hukumar can kuma ta ja wa Rifat kunne, don ƙasarsu ba ta son a ce ta ɗauki ɓangare. Na rubuta ƙorafi sau biyu, an ce in yi haƙuri, har an yaba mini da gaskiya.

Kin ce ba sai na faɗi inda yake kwana ba. Ba wanda ya matsa mini, Yaya. Na ga babba ne kawai yana saurarona, daɗi ya kama ni. Ban roƙi gafara ba, ban kai can ba. Ki dai gaya mini halin da Popi ke ciki.

Sideris

Ayos Fokas, 6 ga Afrilu, 1942

Sideris,

Na gaishe ka. Sababbin masu jirgin ne za su kawo maka wannan. Sun zo ɗaukar mutanensu biyu, sun bar wa garin gwangwanin kifi shida.

Barba yana Turkiyya, ba abin da zai dawo da shi. An binne mutum tara tun farkon Maris. Popi tana nan, ta daina kuka, ta daina tambayar abinci.

Ranar Lahadi bayan addu'a matar Barba ta tsaya a ƙofar coci ta ce tana so ta san wanda ya kai maganar jirgin wurin 'yan Ingila. Kowa ya san sunanka ake jira. Na ce ni ce. Ai ni ce, an hana ni amma na rubuta.

Ka ci abincinka, ka kula da kanka. Amma don Allah, kada ka ƙara taimakonmu.

Argiro