Na Tsinci Asabar Ɗinmu a Littafin Aikinsa

Zuwa ga Baba Dattijo,

Assalamu alaikum. Ina roƙonka don girman Allah ka duba wannan wasiƙa ka ba ni shawara. Abin da ke damuna ƙanƙane ne a idon mutane, har ina jin nauyin kai shi gaban 'yan'uwana, amma ni yau mako huɗu ke nan ya hana ni sakat.

Ni malamar makaranta ce, shekarata ashirin da shida da aure. Maigidana duba-gari ne, yana sashen da ke duba tsaftar gidajen abinci. Mutum ne mai kamun kai, bai taɓa ɗaga mini murya ba, sai dai magana a bakinsa kamar da cokali ake auna masa ita. 'Ya'yanmu uku. Babbar ta yi aure tana wani gari, biyun suna makaranta, sai hutu muke ganinsu. Da auta ya tafi, shekara uku da suka wuce, gidan ya yi mana faɗi, har ƙarar agogon falo muke ji. A nan ne shi da kansa ya ce mu riƙa fita cin abinci kowace Asabar. Na yi mamaki ƙwarai, domin tun wata jinya da na yi ina da cikin fari, lokacin da muka ci wani abu a hanya na kwana tara a asibiti har aka fara cire rai da cikin, bai ƙara shigo mini da abincin waje ba, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Baba, ba zan ɓoye maka ba, na ɗora raina a kan wannan fita. Tun daren Alhamis nake goge kayan da zan sa. Shi ke wanke motar da hannunsa, shi ke zaɓar inda za mu, ni nawa shiga ne kawai. Bayan mun ci, wata rana mu zaga lambun shaƙatawa, wata rana mu shiga babban kanti mu yi ta kallon labulen da ba saya za mu yi ba. Ƙanwarsa ta sa mana suna amarya da ango, in ta kira waya sai ta ce a gaishe da tsofaffin zamani. Ran Litinin abokan aikina har jira suke su ji ina aka kai Malama wannan karon.

Sai dai akwai abin da ba na gaya musu. Duk inda muka shiga, kujerar da ke kallon ƙofar kicin yake zaɓa. Zai ɗaga cokali ya haska shi, ya dubi farcen mai kawo abinci, ya shafa ƙasan tebur da yatsa. In ya ce bari ya wanke hannu, to abincina zai huce kafin ya dawo. Sau da yawa manajan wurin kan fito yana russunawa yana gaishe shi, gumi a goshinsa. Ni kuwa ina ba shi labarin ɗalibaina ko na jikarmu, yana cewa to, idonsa na kan ƙofar nan. Na haƙura, na ce hali zanen dutse. Akwai kuma wani ɗan wuri kusa da gada inda ake gasa kifi, ƙamshinsa har cikin mota. Shekara uku ina cewa mu tsaya, shekara uku yana cewa wata rana.

To, ran wata Juma'a ina neman tabarau ɗina a aljihun gaban mota, sai na ci karo da littafinsa na aiki. Ba halina ba ne bincike, Allah shaida, amma da na buɗe sai na ga sunan inda muka ci abinci makon da ya wuce. Na juya shafi, ga na makon da ya gabace shi. Na yi ta juyawa, duk inda ya taɓa kai ni yana ciki, kowanne da shafinsa: firji, ruwa, shara, hannun ma'aikata, ko'ina an sa maki. Kwanan watan kuma duk Talata ne ko Laraba ta makon da muka je. A ƙasan shafin an rubuta Asabar da ƙananan baƙaƙe. Akwai wasu shafukan da aka ja wa jan layi, waɗannan ban taɓa taka su ba, kuma babu Asabar a ƙasansu. Mai kifin nan na gada yana cikinsu, jan layinsa har biyu.

Na zauna a motar da littafin a hannuna. Ashe aiki muke fita, ni ce ban sani ba. Ya je ran Talata da rigar aiki, ya koma ran Asabar da matarsa don ya ga ko sun ɗore, ni kuwa na yi kwalliya na zauna a gefensa kamar jakar da ya riƙo. Shekara uku ina yi wa mutane alfahari da abin da ba nawa ba.

Ban ce masa komai ba, na mayar da littafin inda yake. Washegari na ce kaina ke ciwo. Ya tsaya a kaina yana tambaya ko cikina ne, ko wani abu na ci a inda muka je wancan makon, sai na ji kamar ciwon nawa ma rahoto yake nema a ciki. Asabar ta biyu da ta uku na sake cewa kaina. Ya sayo magani, ya zauna a falo da mukullin mota a hannu har la'asar. Asabar ɗin da ta wuce bai tambaye ni ba, bai ma wanke motar ba. Ni da na yi fushin, ni ce kuma na shiga ɗaki na yi hawaye.

Baba, wannan fita ita ce kaɗai ta rage mana da muke zama mu biyu fuska da fuska. Ina tsoron in na yi magana ya ce e, aiki ne, shi ke nan ta mutu. Ina tsoron in na yi shiru ta mutu da kanta. Ka faɗa mini gaskiya ko da ɗaci.

Taka,
Mai Jiran Asabar

*

Zuwa ga Mai Jiran Asabar,

Wa alaikumus salam. 'Yata, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma damuwarki ba ƙarama ba ce. Wanda 'ya'yansa ba su watse sun bar shi da ƙarar agogo ba, ba zai san darajar yini guda a mako ba.

Ban san zuciyar mijinki ba, kuma ba zan yi miki rantsuwa a kan mutumin da ban taɓa gani ba. Amma ke malama ce, zo mu sake duba littafin nan kamar yadda kike duba takardar ɗalibi. Kin ce yana zuwa ran Talata da rigar aiki, kin kuma ce manajoji na fitowa suna russuna masa ran Asabar. Wanda aka riga aka san fuskarsa, wane ɓad-da-kama matarsa za ta yi masa? Sa'an nan mai neman kama masu laifi, ai gidajen jan layi zai koma, can ne aikin yake. Shi kuwa waɗannan ne kaɗai bai taɓa kai ki ba. Abin da na karanta a shafukan da kika kwatanta shi ne mutum wanda ba ya yarda matarsa ta ci loma ɗaya sai daga kicin ɗin da ya shiga da ƙafarsa, ya buɗe firjinsa, ya gamsu. Kin ambaci kwana tara a asibiti a cikin jimla guda kin wuce. Ina kyautata zaton shi bai wuce ba har yau, kuma jan layi biyu na mai kifin gada ne ya sa kullum yake ce miki wata rana.

In haka ne, duba irin ƙaryar da kika zaɓa. A cikin duk uzurin duniya, ciwo kika ɗauko wa mutumin da ciwonki ne abin tsoronsa. Tambayar da ya yi miki ko wani abu kika ci, ni ban ji rahoto a cikinta ba, fargaba na ji. Rashin wanke motar ma mai yiwuwa ya ɗauka kin gaji da fita da shi ne, kuma irinsu ba sa roƙo.

Wannan bai wanke shi duka ba. Kulawar da ba a furta ba, wanda ake yi dominsa yana iya kwana da yunwarta. Matar da ta goge kayanta tun Alhamis ta cancanci a dube ta, kuma shekara uku ana amsa mata da to alhali ido na kan ƙofa rashin kyautawa ne, ko da niyyar fara ce. Ina da aboki mai aski wanda ko a jana'iza ƙeyar mutane yake kallo. Sana'a takan shiga idon mutum ta ƙi fita, amma ana iya koya mata zama a gida yini guda. Ba zan kuma musa ba, mai yiwuwa in ya shiga wanke hannun nan yakan ɗan leƙa aikinsa. Ko da ya amsa hakan, bai zama cewa ke jaka ce ba.

Kada ki bari wata Asabar ta riske ku a haka. Ki same shi a tsakiyar mako, bayan ya ci ya huta. Ki fara da naki laifin: kin ga littafin, kuma kanki bai taɓa ciwo ba. Sa'an nan ki tambaye shi ma'anar Asabar ɗin da ke ƙasan shafi, ki yi shiru ki jira, ko da amsar za ta daɗe, domin mai auna magana ba a katse shi. Kada ki kai zancen wurin ƙanwarsa ko abokan aikinki, na ku biyu ne.

Talata da Laraba ki bar masa, ya duba duk abin da zai duba hankalinsa ya kwanta. Ke ki nemi Asabar, littafi ya kwana a gida. Sau ɗaya a wata ki karɓi zaɓin, ko da abincin gida za ki zuba a kula ku tafi lambun nan, inda babu kicin ɗin kowa sai naki. Kifin gada kuwa ki haƙura da shi, jan layi biyu ba wasa ba ne. Ki ce ya nemo miki mai gashin da ya ci jarrabawarsa, ai aikinsa ne.

In kun shiga gidan abinci na gaba, ki riga shi zuwa teburin, ki zauna a kujerar da ke kallon ƙofar kicin. Shi ya ba ƙofar baya. In ya ɗaga ido, ba abin da zai gani sai ke.

Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya raya muku zuriya, Ya nuna muku Asabar masu yawa cikin lafiya.

Naki,
Baba Dattijo